Ashana a Hannun Sharifu

SHARIFU: Alo? Alo, Kawu? Salamu alaikum.

LABO: Alaikumus salam. Wa ke magana?

SHARIFU: Ni ne, Sharifu. Daga Ƙonni.

LABO: Wa?

SHARIFU: Sharifu, Kawu! Ɗan ƙanwarka!

LABO: Dakata in hau suri. Nan cikin gero rezon waya ba ya shigowa... To. Faɗi.

SHARIFU: Ina kwana, Kawu?

LABO: Kwana ya wuce. Rana ta take.

SHARIFU: To, ina wuni? An tashi lafiya?

LABO: Lafiya.

SHARIFU: Ina gajiya?

LABO: Babu.

SHARIFU: Ina mutanen Tajaye?

LABO: Suna nan.

SHARIFU: Ina ruwa?

LABO: Ya yi gyara.

SHARIFU: Madalla. An gama maimai?

LABO: Da wa za a gama? Duk kun gudu birni kun hau babur.

SHARIFU: Ai kai ka koya mana, Kawu.

LABO: Laifina ke nan.

SHARIFU: Ina Inna? Ina su Zulaiha? Ina gwiwar?

LABO: Wace giwa?

SHARIFU: Gwiwa! Gwiwarka mai ciwo!

LABO: Tana inda ka bar ta. Kai, Sharifu.

SHARIFU: Na'am.

LABO: Tun da ka yi waya, bip kake yi mini in kira. Yau kana ƙona kiredinka kan gwiwata. Mi ya faru?

SHARIFU: Ba komai. Gaisuwa ce. Sai dai... in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini. Ka ce wa Inna ita ma ta yafe. Matata Wasila kuma, in wani abu ya taso, a kai ta gidan ubanta Malbaza har ta haihu.

LABO: Makka za ka?

SHARIFU: A'a.

LABO: Mai neman gafara da rana tsaka, ko tafiya zai yi ko ɓarna. Wane ihu ne wannan bayanka?

SHARIFU: Kasuwa ce.

LABO: Yau ba ranar kasuwa ba ce. Shekara ashirin da biyu ina sarkin tashar kabu-kabu a garin nan, ni za ka koya wa kasuwar Ƙonni?

SHARIFU: Kawu... Muttaƙa ya rasu.

LABO: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

SHARIFU: Bayan sallar asuba. Saran da ke kansa ne ya ruɓa ta ciki. Munka neme ka har sau shida, wayarka ba ta shiga.

LABO: Allah ya jiƙansa. Yaro ne mai ladabi.

SHARIFU: Amin.

LABO: An rufe shi?

SHARIFU: Daga maƙabarta muke.

LABO: Daga maƙabarta zuwa ina? Alo? Rezo ne ko kai ne?

SHARIFU: Ni ne.

LABO: To ina kuke?

SHARIFU: Ƙofar buro, ofishin Zumbur.

LABO: Kamfanin nan na waya da kuke yi wa kabu-kabu?

SHARIFU: Shi.

LABO: Ku nawa?

SHARIFU: Tasha duka. Da masu kallo. Titi ya cika.

LABO: Wannan bugun da nake ji fa?

SHARIFU: Amadu ne da su, suna saran ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce.

LABO: Da mi?

SHARIFU: Da digar da munka haƙa kabari. Ko ƙasar ba a kakkaɓe ba.

LABO: Subhanallahi. Wa ke ciki?

SHARIFU: Wakilinsu.

LABO: Yana da suna.

SHARIFU: Hakim.

LABO: Shi kaɗai?

SHARIFU: Shi kaɗai. Ya hango mu, ya ja ƙofa ya sa sakata.

LABO: In kun buɗe, sai mi?

SHARIFU: Amadu ya kawo jarkar fetur. Da tsohuwar taya.

LABO: Ashana fa? Wa ke riƙe da ashana?

SHARIFU: Ni. Sun ce ni ne aminin mamaci, ni na sa shi kabari, hakkina ne.

LABO: To. Ga gafarar da kake nema.

SHARIFU: Kawu, kada ka yi mini wa'azi, don Allah. Ba ka nan. Kana can cikin gero, ba ka ga abin da munka gani ba.

LABO: Ban iya wa'azi ba. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, sunka koro ni. Faɗa mini abin da ka gani.

SHARIFU: Ka san farkon. Injin nan nasu da ke cikin waya, shi ke rabon fasinja, shi ke rabon saƙo, shi ke zaɓen hanya. Ya ba Muttaƙa kaya zuwa bayan Dogarawa, ya zana masa hanyar jeji, wai ta fi kusa. Hanyar da ko mai jaki ba ya bi in la'asar ta yi. Ya ƙi sau ɗaya, anka rage masa tauraron yabo. Ya ƙi sau biyu, anka hana shi fasinja kwana uku. Na uku ya ce mini, Sharifu, gida ba hatsi, Allah ya tsare. Sunka tare shi da adda mutum huɗu. Sunka tsaga masa fuska daga goshi har haɓa, sunka tafi da babur.

LABO: Wannan na sani.

SHARIFU: Kamfani ko ruwan sanyi bai aiko asibiti ba. Saƙo ɗaya ya shigo wayarsa, wai kayan ba su isa ba, ya yi bayani. Mutum shina kwance jini na zuba, wai ya yi bayani!

LABO: Ci gaba.

SHARIFU: Sai munka kira ka. Ka tuna?

LABO: Na tuna.

SHARIFU: Na ce maka in ya yi kwana bakwai bai hau ba, injin zai sauke sunansa ƙasa, ko ya warke ba zai ƙara ganin fasinja ba. Ka ce a yi masa rana, kamar yadda tasha ta saba. Wanda ya faɗi, kowa ya ba gidansa yininsa guda. Ka ce mu ɗauki wayarsa mu hau da sunansa, sunan ya rayu, matarsa Binta da yara su ci.

LABO: Haka na ce.

SHARIFU: Munka yi. Ni na fara, Amadu ya karɓa, haka haka mutum tara. Rana ta goma wayar ta ce sai mai suna ya nuna fuska. Na ruga asibiti da ita, na kara ta gaban Muttaƙa. Kawu, ido ɗaya ya rufe, leɓe ya kumbura, zaren ɗinki kamar buhu. Ya yi ƙoƙarin murmushi don ta gane shi. Wallahi ya yi. Ka san abin da ta rubuta?

LABO: Mi?

SHARIFU: Wannan ba kai ba ne. Sake gwadawa. Sau uku. Wannan ba kai ba ne.

LABO: Hm.

SHARIFU: Shi ba ta gane shi ba. Amma mu ta gane mu sarai! Ashe duk lokacin da muke tuƙi tana kallonmu ta wannan ɗan idon na gaba. Tana da fuskar kowa tun ranar da munka shiga. Safiya guda ta rufe mu duka tara. Wai ha'inci.

LABO: Kun je buro?

SHARIFU: Kwana biyar muna zarya! Hakim ya ce ba hannunsa ba ne, wai basira ce ta na'ura, ba mutum ba ce, ko shi bai san garin da take ba. Munka ce ba mu lambar babba. Ya ba mu. Ka kira, murya ta ce danna ɗaya, danna biyu, ta maido ka inda ka fito. Munka je sandika, ƙungiyar ƙwadago, sunka ce ba mu cikinsu. Munka je buron masu duba hakkin ma'aikata, wani mai tabarau ya karanta takardar da munka dangwala wa hannu, ya ce ku ai ba ma'aikata ba ne, abokan hulɗa ne, kowa shugaban kansa. Shugaban kansa, Kawu! Wanda ake zana wa hanya, a hana shi abinci in ya ƙi!

LABO: Alo? Ka yanke.

SHARIFU: Na ce shugaban kansa!

LABO: Na ji. Ba wannan ya kai ku ga fetur ba. Saura mi?

SHARIFU: Yau, ana yi masa wanka, wayarsa ta yi ƙara a hannun Binta. Ba ta iya karatu ba, ta miƙo mini ta bayan zana, tana cewa ko ta'aziyya ce kamfani ya aiko. Na karanta. An rufe shi har abada, an sa sunansa cikin maha'inta, an aika wa sauran kamfanoni kada kowa ya ɗauke shi. Gawa na kan tabarma, Kawu. Ta ce mi sunka ce? Na ce sun ce Allah ya jiƙansa. Kawu?

LABO: Ina nan.

SHARIFU: To ka ce mini in mayar da ashana aljihu. Faɗi mana.

LABO: Jandarma fa?

SHARIFU: Biyu sunka zo a babur, sunka ga yawanmu, sunka juya neman ƙari. Kafin su dawo an gama. Kai! Ta buɗe! Ƙofa ta buɗe! Amadu! Ku fito da shi! Ku jawo shi waje!

LABO: Sharifu.

SHARIFU: Ga shi nan! Ga munafuki! Ina basirar taka yau? Kira ta mana! Danna ɗaya! Danna biyu!

LABO: Sharifu!

SHARIFU: Sun ja shi ta ƙafa, kansa na bugun matakala. Wani ya kwaɗa masa kaski, hular babur, a baki. Wayyo... haƙori ne wancan. Ku bar shi ya tashi! A'a, ya faɗi. Suna tattake shi.

LABO: Kai ma ka taɓa shi?

SHARIFU: Hannuna ɗaya waya, ɗaya ashana.

LABO: To riƙe su haka. Kada ka kashe wayar nan. In ka kashe, ba ni ba kai har ƙiyama.

SHARIFU: Amadu na kirana. Ya saƙala masa taya. Yana zuba fetur. Ina zuwa, Amadu! Na ce ina zuwa! Kawu ne. E, Sarki Labo. Ya ce in gaishe ka, ya ce ka koma noma, wannan ba zamaninka ba ne.

LABO: Ka ce masa na amsa. Ranar da ya fara hawa, rijiyar masallaci ya faɗa da fasinja, ni na ciro shi.

SHARIFU: Kawu, ba lokacin wasa ba ne.

LABO: Ban yi dariya ba. Tambaya ɗaya. Wa ya zana wa Muttaƙa hanyar jeji?

SHARIFU: Injin.

LABO: Wa ya ƙi fuskarsa?

SHARIFU: Injin.

LABO: Yana cikin buron?

SHARIFU: Sun fasa komai. Tebur ne da kujera biyu da fanka. Ba ya nan.

LABO: Wa ya ce ku hau da sunan wani?

SHARIFU: Kawu...

LABO: Wa?

SHARIFU: Kai.

LABO: Ni. Ban san abin yana da ido ba. Na ba ku dokar zamanin da fasinja ke ɗaga hannu, na kai mutum tara ƙasa, na sa aka kira mamaci maha'inci. In mutum kuke nema, ga ni kan suri a Tajaye. Ku ɗauko jarkar. Kun san hanya, ba sai an zana muku ba.

SHARIFU: Haba! Kai alheri ka nufa!

LABO: Shi mi ya nufa?

SHARIFU: Shi karensu ne! Shi ya zagaya tasha da riga mai tambari yana cewa ku shigo, aiki zai bi ku har gado. Shi ya ɗauki hoton fuskarmu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya riƙe yatsan Muttaƙa ya dangwala!

LABO: Wannan gaskiya ne. Yana da nasa. Ina jin murya ƙasa-ƙasa. Shi ne?

SHARIFU: Shi ne. Surutu yake.

LABO: Mi yake cewa?

SHARIFU: Ƙarya.

LABO: Ban ce ka auna ba. Na ce mi yake cewa.

SHARIFU: Ba a ji. Baki duk jini.

LABO: Matsa.

SHARIFU: Don mi?

LABO: Kwana biyar kuna kuka ba wanda ya saurare ku. Matsa ka ji. Ashanar ba ta tsufa.

SHARIFU: Ku ba ni hanya. Ku matsa, na ce! Ni ke da wuta, ba wanda zai kunna sai ni. Kai, Hakim. Ɗago. Mi kake cewa? ... Mi? ... Sake faɗi.

LABO: To?

SHARIFU: Wai shi ma an kore shi. Tun jiya.

LABO: Dalili?

SHARIFU: Wai ya rubuta ƙara a kanmu, ya danna a buɗe mu, kowane suna sau uku. Injin ya ce yana haɗa baki da maha'inta. Wai yau kayansa ya zo kwashewa. Ƙarya ce, Kawu, wanda ya ga wuta mi ba zai faɗa ba?

LABO: Ta yiwu. Ina shaidar?

SHARIFU: Wai saƙon na cikin wayarsa.

LABO: Duba.

SHARIFU: Amadu, dakata! Minti ɗaya! Ku ciro wayar daga aljihunsa. Kawo. Gilashin ya tsage amma tana ci. A kulle take. Kai, lambar nawa ce? ... Ya ce ta kamfani ce, ba ta da lamba, da fuska take buɗewa.

LABO: To nuna mata.

SHARIFU: Ku riƙe masa kai. Ɗago shi. Buɗe ido, Hakim. Ɗayan ma. Ba ya buɗuwa? To da ɗayan. Kalli nan.

LABO: Ta buɗe?

SHARIFU: A'a. Bari in goge masa jinin. Kalli nan kuma. Tsaya daidai. Kada ka... yana ƙoƙarin...

LABO: Alo? Sharifu! Rezo ne?

SHARIFU: Murmushi yake ƙoƙarin yi, Kawu. Don ta gane shi.

LABO: Mi ta rubuta?

SHARIFU: Wannan ba kai ba ne. Sake gwadawa.

LABO: Hm.

SHARIFU: Ido ɗaya ya rufe. Leɓen... Kawu, fuskar ce. Fuskar asibiti ce sak.

LABO: Waccan ɓarayi sunka yi ta. Wannan fa?

SHARIFU: Mu.

LABO: To.

SHARIFU: Amma yanzu ba mu san ko gaskiya ya faɗa ba! Wayar ba za ta buɗe ba!

LABO: Ku kunka rufe ta.

SHARIFU: To in ƙarya ne fa?

LABO: In ƙarya ne, maƙaryaci ne ya faɗi. Ka san allon tasha? Wanda ke rataye cikin rumfa?

SHARIFU: Na sani.

LABO: Lamba goma sha huɗu, sunan wa?

SHARIFU: ...Hakim.

LABO: Shekara uku ya hau ƙarƙashina kafin ya sa rigar buro. Wa ya goge shi?

SHARIFU: Ba wanda ya goge.

LABO: Tasha ba ta goge suna. Na waya ne ke gogewa. Faɗi dokar.

SHARIFU: Kawu, don Allah.

LABO: Faɗi. Da ƙarfi, su ji.

SHARIFU: Wanda ya faɗi, a ɗauke shi.

LABO: Ban ji ba.

SHARIFU: Wanda ya faɗi, a ɗauke shi! A kai shi, a yi masa rana!

LABO: Ɗan tasha na kwance gabanka.

SHARIFU: Za su kashe ni tare da shi. Ba ka ga idon Amadu ba. Ƙanwarsa ce Binta. Shi ma an rufe shi, yara shida gare shi. Amadu, tsaya! Sake ni! Ba zan ba ka ba! Ni kunka ba, ni zan... Kai! Wayyo!

LABO: Mi ne?

SHARIFU: Ya mare ni da ƙotar diga. Kunne na... yana neman ƙwace ashanar.

LABO: Akwai ruwa kusa?

SHARIFU: Kwata ce, ta ruwan jiya.

LABO: Jefa.

SHARIFU: Kawu...

LABO: Jefa ka taka!

SHARIFU: Na jefa. Na taka. Ga ta can, Amadu, tsamo ta! Ka zage ni, na ji. Ka ce mini ɗan kamfani, na ji. Ni na tallabi kan Muttaƙa cikin kabari, ba kai ba! Ba za a ce ranar da anka rufe shi anka gasa mutum da sunansa ba! Wa ke da laita? Duk wanda ya ciro laita a nan, wallahi sai dai mu ci wuta mu uku, ga ni na rungume shi! Ga fetur a jikina! Ku kunna! Ku kunna mana!

LABO: Sun kunna?

SHARIFU: A'a. Sun ja baya. Wasu na kallon ƙasa. Malami ya kama hannun Amadu.

LABO: Wane Malami? Mai gemu?

SHARIFU: Shi. Cikin taran yake.

LABO: Dama ya fi ku hankali. Cire tayar.

SHARIFU: Na cire. Numfashinsa sama-sama. Jini na fita ta kunne. Ku kawo babur ɗina! Maza!

LABO: A'a! Kada ka tada babur!

SHARIFU: Mi?

LABO: Sakarai! Mutum jiƙe da fetur, kai jiƙe da fetur, ka ɗora shi kan salansa mai zafi? Abin da ashana ba ta yi ba kai za ka yi? Tuɓe masa riga. Tuɓe taka. Ku watsa masa yashi.

SHARIFU: To yaya zan kai shi?

LABO: Uwarka da babur ta kai ka rigakafi? Goya shi.

SHARIFU: Asibiti na da nisa, Kawu.

LABO: Na auna ta da ƙafa kafin a haife ka. Da mutum a baya. Goya.

SHARIFU: Malami, taimaka mini. Ɗaga shi ta hamata. A hankali, haƙarƙarin ne. Riƙe mini wayar a kunne. To. Hakim, saƙalo wuyana. Ba ya iyawa. Ku ɗaure mu da rawani. Wash! Buro ya ƙara masa nauyi.

LABO: Kujera ce. Tafi.

SHARIFU: Sun buɗe hanya. Amadu kaɗai ke tsaye a tsakiya, diga a hannu.

LABO: Kara masa wayar.

SHARIFU: Malami, kara masa. Sarki ne.

LABO: Amadu. Ni ne. Kada ka ce komai, ba mu da kiredin jin zagi. Digar nan ta maƙabarta ce, aro kunka yi. Gobe wani zai mutu a neme ta. Mayar da ita inda ka ɗauko. Daga can ka wuce gidan ƙanwarka, tana zaune ba namiji a ƙofa, mutane na zuwa gaisuwa. Wutar da ke cinka, in na iso ka sauke ta kaina. Ni na jawo. Shi ke nan.

SHARIFU: Alo, Kawu? Ni ne kuma.

LABO: Ya ce mi?

SHARIFU: Ya tofa yawu gabana. Ya saɓa digar ya tafi.

LABO: Wane gefe?

SHARIFU: Gefen maƙabarta. Kuka yake.

LABO: Bar shi.

SHARIFU: Wasu sun koma cikin buron, suna fito da teburin. Za su ƙona shi a titi.

LABO: Tebur ba ya da uwa. Kai dai yi nisa da wutar. Yana numfashi?

SHARIFU: Ina jinsa a wuyana. Yana magana. Mi? ... Wai matarsa Nabila ba ta san an kore shi ba. Wai kada a gaya mata.

LABO: Za ta ga fuskar, sauran mai sauƙi ne.

SHARIFU: Ga jiniya can. Jandarma sun taho, mota biyu. Za su kama ni, Kawu. Kowa ya ga ashana a hannuna.

LABO: Su same ka da mutum a baya. Abin da sunka tambaya ka faɗi gaskiya. Ka ce sarkin tasha na hanya, shi ya ba da umarnin hawa da sunan wani. Ni ma ina da magana da mai tabarau nan. Ya zo ya gaya mini a fuska wane shugaban kansa ake kora ba a ji bakinsa ba.

SHARIFU: Ba ka iya karanta takardarsu ba.

LABO: Zai karanta mini. A gaban mutum tara, da matar mamaci. Ina da zama.

SHARIFU: Kawu, wayar ta yi ƙara, kiredin ya kusa...

LABO: Saura magana ɗaya. Gobe gida biyu ne. Binta da Nabila. Wa ke yin ranar farko?

SHARIFU: Da wane suna? An rufe mu duka!

LABO: Da wanda ubanka ya yanka wa rago. Ka tsaya bakin tasha, mai tafiya ya ɗaga hannu.

SHARIFU: Mutane sun saba da waya yanzu, wa zai...

LABO: Na ce wa ke yin ta farko?

SHARIFU: Malami ya ce shi zai yi ta Binta.

LABO: Ɗayar fa?

SHARIFU: ...Ni.

LABO: To kada ka sauke shi sai kan gado.

SHARIFU: Kawu, gafarar da na nema ɗazu, ka ya...

LABO: Alo? Sharifu? Alo... Ke Zulaiha! Bar fartanyar nan, kamo ni in sauka. Ki ɗauko mini sanda da takalmi. Ƙonni za ni.